MOTA MARAR RUFI A HANYAR DUNGAS: WA YA KAMATA A YI WA DARIYA?

Ranar hawan sallar da ta gabata, ɗan ƙanwata ya shigo Magarya cikin wata jar mota mai ƙofa biyu, ƙirar Turai, irin wadda ake danna wani maɓalli sai rufinta ya naɗe da kansa ya shige cikin but. Yara suka yi ta bin ta da gudu suna shewa, ƴan mata suna leƙe ta kan katanga, dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci kuwa suka bi ta da ido ba su ce uffan ba. Shekara uku yaron ya yi yana haƙar zinari a arewacin Agadas, ya sha rana ya sha ƙishirwa, ya binne abokan aiki, ya dawo da ɗan abin da Allah Ya hore masa. Da ya durƙusa ya gaishe ni, ce mini ya yi: "Kawu, ka ga ni ma na zama mutum." Na sa masa albarka, na haɗiye sauran maganar da ke bakina, domin ranar salla ba ranar faɗa ba ce.

Ba a yi wata biyu ba motar ta koma gindin dogonyaro a ƙofar gidansu, an ɗora ta bisa duwatsu, rufinta ya maƙale a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba, awaki suna kwana a inuwarta. Yanzu duk wanda ya wuce sai ya yi dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna na yi nazari, sai na ga cewa dariyar ta yi mana araha, kuma ta sauka a kan wanda ya fi kowa ƙaramin laifi. Dalilin da ya sa na kawo zancen cikin wannan shafi ke nan, shafin da aka saba tattauna al'amuran mulki, saboda labarin wannan mota labarin mulki ne tun daga tashar jirgin ruwa har zuwa gindin wancan dogonyaro.

Bari mu fara da hanyar da irin waɗannan motoci suke biyowa kafin su iso gare mu. Tun cikin shekarun 1990 tashar Kwatano ta zama babbar kasuwar tsofaffin motocin Turai a wannan yanki, ana loda su daga Anbas ta ƙasar Beljiyam da wasu tashoshi, shi ya sa maƙwabtanmu na Najeriya suke kiran su "beljiyam" ko "tokumbo". Daga Kwatano sai a jero su ta Paraku da Malambil, a haye kogi zuwa Gaya, a biyo ta Doso da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. Da yawa daga cikinsu a takarda kaɗai suke na Nijar: ana rubuta cewa nan za su zo, gwamnati ta karɓi harajinta na fito, sannan a karkata da su kudu su shiga Najeriya. Iyakokinmu na nan gida, daga Tinkim da ke fuskantar Babban Mutum har zuwa wajen Maigatari, sun ga wannan ayari shekara da shekaru. Matasanmu sun tashi suna kallon motoci suna wucewa ta ƙofar gidansu kamar garken shanu, wasunsu ma su ne direbobin da ake biya su tsallakar da su. Wanda ya girma a bakin kasuwa ba a mamakin ranar da ya ce shi ma zai taya.

Mai karatu zai tuna abin da ya sa tsohuwar mota ta zama ita ce motar kowa. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar, faran ɗin Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100 a dare ɗaya. Ba a yi shekara ɗaya da rantsar da Mahamman Usman, ɗan wannan jaha, a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa ba, sai ga duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi. Daga ranar nan sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da matsakaicin ɗan kasuwa, ta zama sai gwamnati da ƙungiyoyin agaji da manyan attajirai. Sauran jama'a kuwa suka koma ga abin da Bature ya gaji da shi. Shekara talatin ke nan da ɗoriya muna cikin wannan hali, har mun daina ganin sa a matsayin abin kunya.

Daga baya hanyar ma ta riƙa toshewa. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokinta na ƙasa. A Agustan 2019 ta rufe iyakokin gaba ɗaya, ba ta sake buɗe ta Maigatari ba sai a Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya rufe gadar da ke tsakanin Malambil da Gaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar sojoji. Duk wata rufewa tana ƙara wa mota kuɗi, tana ƙara wa kayan gyaranta kuɗi, tana kuma ƙara wa dillalai damar sayar wa mai ƙaramin sani abin da ya daɗe a hannunsu ba a taya ba. Motar da ba ta da rufi tana cikin irin wannan kwantai. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya kallon ta, direban haya ba ya son ta, saboda haka kuɗinta yakan faɗo ƙasa da na motar da ta fi ta amfani. Arahar nan ce ta ja ɗan ƙanwata, ya manta cewa araha ba ta ado.

To, don wa aka ƙera irin wannan mota? An ƙera ta ne don mutumin da rana take yi wa wuyar gani, wanda yake shafe watanni cikin sanyi da hazo, idan bazararsu ta zo sai ya buɗe rufi ya sha hantsi a kan kwalta mai santsi. Galibi ma ba ita ce motarsa ta aiki ba, ta shaƙatawa ce, yana da wata da yake kai yara makaranta da ita. Mu kuwa rana ba baƙuwarmu ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ya lulluɓe mu da ƙura, daga Yuni zuwa Satumba kuma hadari yakan taso ba sallama. A cikin wata goma sha biyun nan, wanne ne watan buɗe rufi?

Akwai darasi a tarihin motar da iyayenmu suka fi sani, wato Peugeot 504. Ta fito a 1968, kuma tun 1969 aka yi mata samfurin da ba shi da rufi, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara. Amma da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, abin da aka riƙa fitarwa shi ne mai ƙofa huɗu, da doguwar nan ta haya, da akori-kura. Masu masana'antar sun san ƙasar da suke sayarwa. Waɗannan motoci sun ɗauki gyaɗa da gero da amare da marasa lafiya tsakanin Kano da Damagaram, kuma duk makanikin da ke bakin tasha ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Marar rufin kuwa an bar ta can inda ta dace.

Yanzu bari in lissafa abin da na gani da idona, don amfanin wanda bai riga ya faɗa ba. Na farko, irin wannan mota a ƙasa take, tsakanin cikinta da ƙasa bai fi tsawon tafin hannu ba. A kan kwaltar da ta taso daga Damagaram ta biyo ta Bande zuwa Magarya tana tafiya lafiya, amma da zarar ta sauka ta nufi ƙauye, cikinta yakan zauna bisa rairayi, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Ranar da yaron ya je gaida kakarsa, shanun amalanke ne suka jawo shi, kuma a wannan tafiya dutse ya fasa masa tukunyar man inji. Na biyu, rufin da yake alfahari da shi yana aiki ne da famfon mai da ƴan na'urori masu yawa da suke gaya wa juna cewa wannan ƙofa ta buɗe, waccan ta rufe. Ƙura ta shiga ɗaya daga cikinsu, sai duk aikin ya tsaya. Robobin da ke hana ruwa shiga kuwa, waɗanda tun a Turai sun tsufa, rana ta busar da su suka tsattsage, ruwan farko da aka yi ya sauka bisa kujeru da wayoyin da ke ƙarƙashinsu. Idan rufin na tanti ne ma, rana ce take cin zarensa.

Na uku shi ne gyara. Makanikanmu gwanaye ne, suna iya tayar da injin da Bature ya yanke wa ƙauna, amma gwanintarsu tana kan motocin da suke gani kullum. Wannan kuwa baƙuwa ce, kuma cikinta kwamfuta ne, sai an jona mata na'ura kafin ta faɗi ciwonta. Wani dattijon makaniki ya zagaya ta sau biyu, ya dube ni ya ce: "Malam, wannan ba ciwon da za a yi wa magani a nan ba ne." Aka aika Damagaram ba a samu kayan ba, aka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, aka kawo wani abu mai kama da shi wanda bai shiga ba, kuɗin mota da na ɗan aike duk sun tafi. Na huɗu, takardu: kuɗin duwan, da takardar mallaka, da inshora, da harajin shekara, da binciken lafiyar mota. Dillalin da ya sayar masa ya rantse cewa komai ya cika, sai daga baya aka tarar akwai sauran biya. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kuɗin saye, da me zai ji da waɗannan?

Na biyar shi ne mai, kuma a nan ne siyasa take fitowa fili. Shekara da shekaru mutanen Magarya da Dungas sun dogara ga fetur ɗin da ake tsallako da shi daga Najeriya, wanda ƴan ruwa-ruwa suke sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Gwamnatin Najeriya ce take biyan tallafi, mu muna sha a ɓagas. An buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a Nuwambar 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, amma duk da haka kwalba ta ci gaba da fin gidan mai araha a bakin iyaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, kuɗin mai a can ya yi tashin gwauron zabo, lissafin ya juye. A Yulin 2024 hukumomin Yamai sun rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, amma a Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen mai a faɗin ƙasa, domin abin da matatar take fitarwa bai ishi buƙata ba tun da na Najeriya ya ja baya. Injin motar tsere mashayi ne, kuma mai tsabta yake so. Fetur ɗin da ya kwana a jarka, ya haɗu da ƙura da ɗigon ruwa, yakan toshe masa maƙogwaro. Duk wanda zai sayi mota a wannan yanki ya sani cewa tankinsa yana hannun shawarar da ake yankewa a Abuja da Yamai.

Wani zai ce, ai kuɗinsa ne, guminsa ne, ina ruwan wani? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Mun yi taron ƙasa a 1991 ne don kowa ya samu ƴancin faɗin ra'ayinsa da tafiyar da rayuwarsa, kuma ba na cikin masu ganin cewa talaka bai cancanci jin daɗi ba sai dai ya yi ta haƙuri har kabari. Yaron da ya kwana cikin rami yana neman zinari yana da haƙƙin ya so abu mai kyau. Sai dai a ƙasarmu kuɗin mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. Da gyara ya ci ƙarfinsa, bijimai biyu na huɗa aka fara sayarwa. Bayan su sai ya fara zancen jinginar da gonar gado, wadda uwarsa da ƙannensa huɗu suke ci daga cikinta. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum fiye da rabin miliyan, ta Dungas kuma, wadda aka cire daga jikinta a 2011, tana da fiye da 350,000. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a ƙasar nan, gonaki sai ƙara tsukewa suke yi a duk rabon gado, kuma gonar da ta fita daga hannun gida ba ta cika dawowa ba. Mota tana tsufa kullum, gona kuwa ba ta tsufa. Wanda ya musanya wannan da waccan ya taɓa abincin waɗanda ba a shawarce su ba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya koya wa matasanmu cewa mutum ba ya cika mutum sai da mota? Tun daga zaɓen 1993 zuwa yau, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'unmu da jerin gwanon manyan motoci yake zuwa, masu baƙin gilashi, ya tayar mana da ƙura, ya raba atamfa da sukari, ya koma. Ba mu taɓa tambayarsa rijiya nawa ya gina ba, ƙirga motocinsa muke yi, mu ce wane ya fi wane. Yaro yana tsaye a gefe yana kallo, ya ga wanda ake yi wa kirari da wanda ake turewa. Da ya samu kuɗi sai ya sayi abin da ya ga ana girmamawa, daidai ƙarfinsa. Bambancinsa da su shi ne, shi da guminsa ya saya, kuma motarsa ba ta ɓoye masa komai: ƙurar hanya a fuskarsa take sauka, ramin hanya a ƙugunsa yake ji. Su kuwa an ƙera tasu ne don kada mai ita ya san halin da hanya take ciki.

Hanyar kuwa ita ce babbar magana. Sai a 2022, shekara 62 bayan samun mulkin kai, Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin shimfiɗa kwalta daga Hamdara ta Wacha da Dungas zuwa iyakar Najeriya, tsawon kilomita 110. Wannan yanki ne na gero da wake da riɗi da raken fadamun Korama, yanki ne da dabbobinsa suke cika kasuwar Maigatari. Rairayin da ya riƙe motar ɗan ƙanwata muna dariya, shi ne yake riƙe amalanken da ke ɗauke da mace mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti, kuma a ranar babu mai dariya. Da za a ji shawarata, da an wajabta wa duk wanda yake neman wakiltar wannan yanki ya shiga mota marar rufi ya zagaya daga Sasumburum zuwa Dogo-Dogo da Malawa, sau ɗaya da hunturu, sau ɗaya da damina, kafin a karɓi takardunsa.

Haka nan hukuma tana da alhakin abin da ake shigo mana da shi. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba. Wasu an cire musu abin tace hayaƙi da ke cikin salansa saboda ƙarfe mai tsada da ke jikinsa, wasu an mayar da agogon kilomitarsu baya, wasu kuma ambaliya ce ta cinye su aka wanke aka shafa musu mai. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da ƙa'idar taƙaita shekarun motocin da za a shigo da su. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka nauyin kare mai saye ya dawo kacokan wuyan hukumominmu. Ikon kai da ake ta faɗa, in bai kai ga hana a mayar da ƙasarmu juji ba, to da sauransa. Jami'in da ya iya ƙididdige harajin mota har sefa ɗaya, ya kamata ya iya faɗa wa mai saye ko birkinta yana kamawa.

Ga ƙannena da ƴaƴana masu niyyar sayen motarsu ta farko, ga abin da zan ce. Kafin ka je wurin dillali, je ka wurin makanikin garinku ka tambaye shi motar da ya iya gyarawa da wadda ake samun kayanta a kusa, sannan ka tafi da shi ranar ciniki. Kada ka saya da dare, kada ka saya ana gobe salla. Ka duba lambar shasi da ke jikin mota ka gwada ta da wadda ke cikin takarda, ka tabbatar da takardar duwan a ofis da kanka. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka duba tsatsa, domin motar da ta sha ruwa ba ta ɓoye wari. Ka durƙusa ka auna tsakanin cikinta da ƙasa, ka tuna hanyar gidanku. Idan duk da haka zuciyarka ta nace sai marar rufi, ka sa a buɗe rufin a rufe sau da yawa a gabanka, a kwara masa ruwa kana ciki. Kuma kada ka kashe duk abin da ke hannunka a ranar saye, ka ajiye kaso mai kauri don gyara da takardu da mai. In kuwa sai ka taɓa gona ko shanun huɗa kafin kuɗin su cika, to motar ba taka ba ce tukuna. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Game da ɗan ƙanwata, mun taru mun hana jinginar da gonar. An samu wani mai sayen kayan gyara daga Kano ya taya motar da abin da bai kai rabin kuɗinta ba, kuma na ba shi shawara ya karɓa, ya sayi babur mai ƙafa uku ya riƙa ɗaukar kaya ranakun kasuwa. Ya yi shiru ya ce: "Kawu, mutane za su yi mini dariya." Na ce masa ai sun riga sun yi, kuma dariya ba ta kashe mutum, yunwa ce take kisa. Ya tafi yana tunani, ban san abin da zai yanke ba. Abin da na sani shi ne, ranar da za a ɗauke jar motar nan daga gindin dogonyaro, rairayin hanyar ƙauyenmu yana nan inda yake, kuma masu baƙin gilashi za su sake zuwa neman goyon bayanmu. Ina fatan a ranar mu ajiye ƙirga motocinsu, mu tambaye su kilomita nawa suka shimfiɗa. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu shugabanni masu jin ƙanmu.